Shekarar da Wuta Ta Shiga Ƙarƙashin Fadama

Da sunan Allah nake farawa, wanda Ya halicci wuta, Ya kuma halicci abin da yake tsayar da ita.

Kwanakin baya jikana ya goya ni a babur za mu Kura dubiya. Muna wucewa ta bayan wani injin casar shinkafa sai wani ƙauri ya bugi hancina, na dafa kafaɗarsa na ce ya tsaya.

Ya ce, "Tsoho, jiri ne? Na faɗa maka babur ba na sa'anninka ba ne, ka ƙi ji."

Na ce, "Tafi can, ja'iri. Na goya ubanka a wuya kafin a san za a yi ka. Mene ne yake ƙonewa a nan?"

Ya nuna mini wani tsibin buntun shinkafa da aka jibge a tsohon kududdufi, ya kai tsayin ɗaki. Babu harshen wuta, babu ƙara, sai farin hayaƙi siriri yana fitowa nan da can kamar tsibin yana numfashi. Ya ce, "Ai wannan tun kafin azumi take ci. An yi mata wanka da ruwa har an gaji. Ana juya baya ta ci gaba da abinta." Na tsaya ina shaƙar ƙaurin nan. Hancin tsoho ya fi idonsa riƙe abu. Kafin mu isa Kura na koma saurayi, ina tsaye a bakin fadamar ƙauyenmu, takalmina a hannu.

Wanda ya buɗe ido ya tarar da kanal ba zai gane fadamar da nake nufi ba. Yau daga Kadawa har ka dangana da Bunkure, duk inda ka duba ruwa ne a miƙe cikin siminti, shinkafa a jere, tumatir da albasa a jere, injin ban-ruwa yana ta ɓaɓatu tun safe. A da kuwa ruwa ba ya bin layi, inda ya ga dama yake kwanciya. Fadamarmu kwari ce mai faɗi a gabas da gari, ciyayi irin su burugu da iwa sun fi mutum tsayi. Da damina kwaɗi sukan cika ta da kuka har sai ladan ya ɗaga murya. Da rani kuwa abin da yake tashinka da asuba shi ne kukan jigo, itace yana gugar itace, guga tana nutsewa, ruwa yana zuba a kwami. A can muke yanko karan da ake fiƙe alƙalami, a can mata suke samo ciyawar saƙa, a can muke tono tarwaɗa cikin taɓo idan ruwa ya ja. Ƙasar wurin baƙa ce wuluk, kuma ba ta da nauyi. In ka taka ta sai ka ji tana lotsawa kamar ka hau tulin tabarmi. In ka ɗebo busasshiyarta ka murza, zare-zare za ka gani a tafin hannunka. Mahaifina, Allah Ya ji ƙansa, ya taɓa ɗebo ta ya nuna mini ya ce, "Wannan ba irin ƙasar tudu ba ce. Ciyawar zamanin kakanninmu ce ta kwanta, ruwa ya hana ta ruɓewa, wata ta zo ta kwanta a kanta. Haka aka yi ta yi har ta kai inda ka gani." Na ji, na ce to, na ci gaba da dashen rake.

A lokacin ashana ba kowane gida ba. Inna, mahaifiyata, idan ta gama tuwon dare takan tura busasshen kashin shanu cikin garwashi, ta ja toka ta rufe. Da safe murhu ya yi sanyi a sama, kaza ma tana iya takawa ta wuce. Sai Inna ta sa tsinke ta tona, ga jan ido nan a ƙasa yana jira. Maƙwabta su aiko da sakaina a ɗebar musu. Duk mun san wuta tana kwana a ƙarƙashin toka, ba ta bukatar harshe, iska kaɗan ta ishe ta. Mun san wannan sarai a murhu. Abin da bai taɓa zo mana a rai ba shi ne fadama sukutum tana iya zama murhu.

Ba zan iya cewa ga shekarar ba, mu ba da lamba muke riƙe shekaru ba. Ita ce dai shekarar da mahaifina ya rasu ana tsakiyar damina, ruwa kuma ya ɗauke dawa tana shirin fitar da kai. Abin da aka girbe bai rufe gindin rumbu ba. Ni ne ɗan fari, ban daɗe da aure ba, ga Inna, ga ƙannena, ga amaryata Hanne, duk aka waiwayo ana kallona. Abin da nake da shi na dogaro ɗaya ne, gonar raken da Baba ya bari a gefen fadama, da rijiyarta da jigonta. Na dasa ragowar irin da ya bari, na bi shi da ban-ruwa safe da yamma har kafaɗuna suka yi kanta. Cikin bazara, duniya duk ta yi fari fat, rakena ya kai ƙugu, kore shar, mai wucewa sai ya tsaya ya ce tubarkalla. Daga bayan raken nan ƙasa takan fara hawa a hankali, a kan hawan nan maƙabartar garinmu take. Kabarin Baba yana can gefen ƙasa, layin da ya fi kusa da fadama, kusa da wata kanya.

Sai in faɗi wani abu game da Inna, don a gane abin da zai zo. Da yake ni ne ɗan farinta, ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kuma yi mini magana kai tsaye. Haka iyayenmu mata suke, kunya ce, ba ƙiyayya ba. In tana son in yi abu sai ta faɗa wa bango, ko ta faɗa wa akuya, ni kuma in ji. Da na yi aure sai ta samu sauƙi, ta koma cewa, "Hanne, ki ce da mijinki." Ko da ina zaune a gabanta, gwiwata tana kusan taɓa tabarmarta.

Al'adarmu ce duk bazara a sa wa busasshiyar ciyawar fadama wuta. Mai unguwa ne yake ba da rana. Wuta ta share tsohuwar ciyawa, macizai su yi nisa, sabon toho ya fito wa shanun Fulanin da suke zaune kusa da mu, su kuma su kwana da garkensu a gonakinmu su bar mana taki. Haka iyayenmu suka yi, haka nasu iyayen suka yi. Wutar takan ruga ta sama kamar doki, kafin la'asar ta mutu, don da ta taɓa ƙasa take tarar da laima. A shekarar nan ma aka yi yadda aka saba. Na share gefen rakena, muka tsaya da ɗanyun ganye a hannu, wuta ta yi rurinta ta wuce, shaho yana shawagi a kan hayaƙi yana cafkar fara. Kafin magariba fadama ta yi baƙi, ta yi tsit. Kowa ya koma gida. Ba wanda ya tuna cewa a shekarar ƙasar ta tsattsage har hannu yana shiga zuwa kafaɗa, kuma in ka zura hannun babu ko alamar sanyi.

Bayan 'yan kwanaki sai ƙauri ya fara zagaya gari, irin wanda na ji a bayan injin nan. Ba irin na itace ba ne, ba na kara ba, wani ɗaci gare shi da yake maƙalewa a maƙogwaro. Mata suka yi ta duba ɗakuna ko tsumma ne ya kama. Daga baya masu kiwo suka zo suka ce hayaƙi yana fitowa daga wata tsaga a tsakiyar fadama. Baffa Sale, ƙanin mahaifina, mutum ne mai zafin nama da babbar murya, ya tara mu da tuluna da guga. Muka yi ta jido ruwa muna zubawa a tsagar. Ruwan ba ya ko jiƙa ƙasar, sai ya yi ƙwallo-ƙwallo a kanta kamar a bayan agwagwa, ya gangara cikin rami ya ɓace. Muka dage har hayaƙin ya ɗauke. Baffa ya karkaɗe hannu ya ce, "Shi ke nan, ta mutu. Wuta dai ba ta fi ruwa ba." Washegari hayaƙi ya fito a wani wurin, nesa da na jiya. Muka bi shi da tulu. Ya sake fitowa a wani wurin. Muna bin hayaƙi, ita kuwa tana can gaba.

Sai wani ɓaure da muke hutawa a gindinsa ya faɗi da tsakar rana, babu iska, ganyensa kore. Da muka je, gindin babu saiwa ko ɗaya, duk ta zama toka. Ba a gama mamakin wannan ba, wani bijimin Fulani yana tafiya a fili sumul ƙasa ta rufta da ƙafafunsa na gaba. Ashe saman ne kawai ya rage kamar ɓawon ƙwai, ƙarƙashin duk rami ne cike da toka mai zafi. Da kyar aka ja shi da igiya, kafin yamma aka yanka shi. Daga nan magana ta canza a gari. Wasu suka ce mutanen ɓoye ne aka ƙona wa gida. Aka daina barin yara su doshi gabas.

A hayin fadama akwai gidajen Maguzawa, cikinsu akwai wani tsoho Nomau, abokin mahaifina tun suna yara. Kullum Baba ya ce masa, "Nomau, yaushe za ka fara salla?" sai ya ce, "Bari dai a gama girbi, Malam." Girbi ya yi ta zuwa yana wucewa. Ranar da Baba ya rasu, Nomau ya taya haƙa kabari, sannan ya zauna a ƙofar zaurenmu har yamma. To shi ne ya yi mini sallama wata asuba ina fitowa daga masallaci.

Ya ce, "Ɗan Malam, ka gama gaisawa da Ubangijin naka? To zo mu je. Cire takalmin nan."

Na ce, "Baba Nomau, a fadamar da take cin wuta zan shiga ba takalmi?"

Ya ce, "Da takalmi ai sai ka faɗa ciki kafin ka sani. Ƙafa ita take gani. Kuma yanzu ne lokacinta, kafin rana ta fito ta ɗumama ko'ina ta rikita mu."

Muka bi gefe, yana gaba da doguwar sanda yana caka ƙasa kafin ya taka. Ya ce shi ma bai taɓa ganin irinta a nan ba, amma yana yaro ya ga ta ci wani tsohon mashekarin shanu inda taki ya taru shekara da shekaru, har damina ta zo tana ci. Can sai ya tsaya ya ce in taka nan, in taka can. Nan sanyi irin na asuba. Can kuwa ɗumi, kamar wurin da akuya ta tashi. Ya caka sandar ta nutse, ya bar ta jim kaɗan, ya zaro ya ɗora mini bakinta a kumatu. Na yi tsalle. Ya yi dariya ya ce, "Hayaƙin da kuke bi da tulu, wurin da ta riga ta ci ta wuce ne. Bakinta yana nan, inda ba ka ganin komai. Ba ruwanta da inda iska ta nufa. Abincinta take bi, baƙar ƙasar nan, da ramin gafiya, da matacciyar saiwa. Ta tsaga take shan iska." Ya nuna mini tururuwa sun yi layi suna fita da ƙwayayensu a baki. Muka yi ta bin ɗumin nan muna kafa kara a duk inda ya tsaya. Da gari ya waye sosai na waiwaya na dubi karan da muka kafa. Sun yi baka, bakan kuma ya fuskanci rakena.

Na ce, "Ai rakena a jiƙe yake. Kullum ina ba shi ruwa."

Ya ce, "Ruwan jigonka iyakarsa taƙi ɗaya. Ita ta ƙarƙashi za ta bi." Sai ya ɗaga sandar ya nuna bayan raken. "Ba raken ne ya fito da ni ba. Ka san baƙar ƙasar nan tana da harshe da ya miƙe har gindin kanyar can? Ni na taya haƙa kabarin abokina, na ga abin da muka fitar. Kuma ku da itace kuke rufe mutanenku."

Gaskiya ne. Idan an sa mamaci a ƙaramin ramin, itatuwa ake jerawa a kansa, a toshe da ganye da laka kafin a mayar da ƙasa. Ni da hannuna na jera na Baba. Yanzu sun bushe ƙayau.

Aka taru a zauren mai unguwa. Nomau, daga bakin ƙofa inda ya tsuguna, ya ce magani ɗaya ne, a yanka mata rami a gaba, a haƙa har sai an wuce baƙar ƙasa an tarar da farin yashi, don yashi ba ya ci. Abin da aka yi gardama a kansa shi ne inda za a yanka. Baffa Sale ya ce a yanka a gaban rake, a tsirar da rake da maƙabarta gaba ɗaya. "Yaron nan da me zai ciyar da gidan? Marayu ne fa a hannunsa! Ku kuna da mai ba ku, shi wa yake da shi?" Nomau ya ce a gaban rake baƙar ƙasar ta fi tsayin mutum zurfi, kafin a kai yashi ta iso, kuma wa ya sani ko wani yatsanta ya riga ya shige. A bayan rake kuwa iyakarta ƙugu. Baffa ya ce, "Kai da ba ka san alƙibla ba, kai za ka nuna mana inda za mu haƙa?" Nomau ya ce, "Alƙibla taku ce, Sale, ban taɓa ta ba. Wutar ce ba ta tambaya." Har mai unguwa sai da ya murmusa. Liman ya yi gyaran murya ya ce a dai sani, wutar duniya ba ta cutar da wanda ya riga ya koma ga Ubangijinsa, aikinsa ne shimfiɗarsa, amma kare kushewar Musulmi haƙƙi ne a kan rayayyu. Daga nan duk aka juyo gare ni, don rake nawa ne, uba nawa ne. Na ce a ba ni zuwa azahar.

Na shiga gida na tarar labari ya riga ni. Inna ba ta daɗe da fita takaba ba, tana zaune tana kaɗi, Hanne tana tankaɗe a gefenta. Na zauna. Mazari ya yi ta juyawa. Can Inna ta ce, "Hanne, ki ce da mijinki na ji abin da liman ya faɗa, kuma gaskiya ne. Amma liman ba ya zuwa bakin rijiya, ba ya zuwa gidan suna. In hayaƙi ya fito daga kushewar nan, ba mai tsayawa ya ce saiwa ce, cewa za a yi azabar kabari ce. Mutumin da ya yi shekaru yana koya wa 'ya'yan garin nan karatu, abin da za a riƙa tunawa da shi ke nan. Har jikokinsa sai an nuna su da baki." Ta naɗe zaren a hankali. "Amma rake nasa ne, shi ya sha wahalarsa. Kada ya ce ni na ce."

Hanne ta dube ni, ta buɗe baki za ta maimaita kamar yadda ta saba, sai ta kasa.

Ban jira azahar ba. Na koma zaure na ce a yanka a bayan rake. Ban yi nadama a ranar ba, ban kuma yi ba har yau. Baffa Sale ya dube ni, sannan ya tashi ya ce, "To me ake jira? A ɗauko garma."

Gayya aka yi, amma ba irin wadda aka saba ba, don ba a kiɗa a kusa da maƙabarta. Maimakon ganga sai salati, wani ya ja, saura su amsa, garma tana sauka a kan amshin. Fulani suka zo da sandunansu suka karɓi dagi, Maguzawan hayi suka zo da gatura, su ba sa amsa salatin amma garmarsu ba ta saɓa wa tamu. Mata suka yi ta kawo kunu da ɗan abin da ya samu a shekarar yunwa. Nomau yana bin ramin yana duba gindinsa. Duk baƙar ƙasar da aka fitar ya ce a watsa ta ɓangaren wuta, kada a bar ko ƙwarya ɗaya a ɓangaren kaburbura. Duk saiwar da ta ratsa, ko ta kai siririn yatsa, a sare ta a cire. Ya iske Baffa ya bar wata ya ce, "Sale, wannan gadar wa ka bar wa?" Baffa ya ce, "Kai na bar wa, ka haye ka zo masallaci." Aka yi dariya, aka sare ta. Da farin yashi ya bayyana a gindin ramin daga wannan gefe har wancan, sai ka ce an shimfiɗa sabon ƙyalle.

Daga nan sai jira, kuma jiran ya fi haƙan wuya. Na daina ban-ruwa. Kowace safiya ina tsaye a bayan ramin ina kallon rakena yana mutuwa daga ƙasa. Layin farko ya yi yaushi, ya yi rawaya, ya kwanta. Na biyu ya bi shi. Babu harshen wuta ko sau ɗaya. Da a ce ta tashi ta cinye shi a yini guda da ya fi mini sauƙi. Wata rana jigon da Baba ya kafa ya karkata a hankali ya kifa cikin rijiya. Da ta iso bakin ramin sai bangon can ya fara hayaƙi, garwashi yana ɓantarowa yana gangarowa kan yashi, ya yi ja, ya yi fari, ya mutu. Muka yi ta bi muna rufe shi da yashi. Mutane suka fara cewa alhamdulillahi, an gama.

Ni dai ban daina abin da Nomau ya koya mini ba. Kullum bayan sallar asuba nakan cire takalmi in bi bayan ramin, ɓangaren kaburbura, daga wannan kai zuwa wancan. Sanyi, sanyi, sanyi. Ran nan, daidai kusa da kanyar, tafin ƙafata ya ji abin da ba na so ya ji. Na koma baya na sake takawa. Ɗumi ne. Na ƙara danna ƙafar don in tabbata, sai ƙasa ta fashe, ƙafata ta dama ta shige cikin toka har idon sawu. Ban san na yi ihu ba sai da na ga mutane suna rugowa daga masallaci. Ban bari an ɗauke ni ba, na karɓi dagi daga hannun Baffa. Muka tona, muka tarar da ita. Saiwar wata bishiya ce da ta mutu tun ba a haife mu ba, ta nutse ƙarƙashin yashin ramin inda ba wanda ya gan ta, ta ɓullo a wannan gefe. Wuta ta bi cikinta kamar lagwani. Muka bi ta da gatari har muka wuce inda take ja, muka kai inda itacen yake da sanyi, muka datse, muka kwashe duk baƙar ƙasar da ke kewaye muka cika wurin da yashi. Da na miƙe na duba, tsakanin inda muka datse da kan Baba bai fi mutum ya kwanta ya miƙa hannu ba.

Aka kai ni gida a kafaɗa. Hanne ta rikice tana neman abin da za ta shafa mini. Inna ta fito daga ɗaki da kaskon man kaɗe, ta ture ta gefe, ta durƙusa a gabana. Ba ta dubi bango ba, ba ta dubi Hanne ba. Ta dube ni ta ce, "Miƙo ƙafar."

Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Washegari ta koma "ki ce da mijinki", haka kuma muka ci gaba har ƙarshen rayuwarta.

Wutar ba ta mutu ba har shamuwa ta dawo, aka yi ruwan farko, aka yi na biyu, tana nan tana hayaƙi a cikin ruwan sama. Sai da fadama ta cika ta tumbatsa sannan ƙaurin ya bar gari. Inda rakena yake ƙasa ta zauna, wurin ya zama tafki, don abin da ta ci ba ya dawowa. Mun sha wuya a shekarar, ba zan ɓoye ba. Na yi ƙodago a gonakin mutane da ɗingishi, Nomau ya aiko da damin dawa ya ce bashin goro ne da abokinsa yake binsa, mun san ba haka ba ne, muka karɓa. Ba wanda ya mutu da yunwa a gidanmu.

Bayan wasu shekaru aka kawo ruwan dam, manyan motoci suka zo suka baje fadamar, aka ja kanal. Ba na cikin masu cewa da can ya fi yanzu. Na ga yunwa, na kuma ga shekarar da na noma shinkafa da rani na ciyar da gida har na yi kyauta. Abin da ya tafi dai ya tafi, kukan jigo, da ɗebo wuta a sakaina, da uwar da take jin kunyar ɗanta. 'Ya'yan yanzu uwa tana kiran ɗan farinta a waya da sunansa, har ta haɗa da na ubansa. Amma wuta ba ta canza hali ba, abinci kawai aka canza mata. Shi ya sa a kan hanyarmu ta dawowa daga Kura na sa jikana ya sake tsayawa a wurin buntun nan, na nemi masu wurin na ce musu su bar bin hayaƙi, su yanke tsibin daga wanda bai kama ba har sai sun ga ƙasa, su kuma duba me ke bayansa. Suka ce sun gode, Baba. Jikana ya ce, "Tsoho, yau kuma kai ne shugaban 'yan kwana-kwana?" Na ce ya ja babur.

Inna ta yi tsawon rai, ta ga kanal, ta ci shinkafar rani ta ce ba ta kai tuwon dawa ba. Da ta rasu aka samu wuri a layin ƙasa, kusa da kanyar, ba nisa da Baba. Ni na shiga kabarin don in karɓe ta. Na cire takalmi na sauka, mutane suna ta salati a sama, ana shirin miƙo ta. Kafin hannuna ya taɓa likkafanin, ƙafar nan tawa mai tabo ta riga ta yi abin da ta saba. Na danna ta a gindin ramin, na ɗan jira.

Ƙasar da sanyi. Na ce, "Ku miƙo ta."